Anti Talatu Tana Hanya

A falon Uwaisu aka ƙirƙiri Anti Talatu, a hawa na shida na wani dogon ginin siminti a Thamesmead da ke London, ranar da ungozoma ta zo duba matarsa Karimatu zuwan ƙarshe. Kafin wannan rana babu wata Anti Talatu a duniya. Cikin ƙiftawar ido ta samu ɗaki a Plumstead, ta samu lafiyar ƙafa, ta kuma samu kyan halin da kullum da safe take hawa bas ta zo ta yi wa jariri wanka.

Da aikin tiyata aka ciro jaririn, saboda haka ungozomar, wata Baturiya mai furfura, ta ɗaga rigar Karimatu ta duba ɗinkin da ke ƙasan cibiya. Ta ce gefe guda ya ɗan yi ja, a sa masa ido. Sannan ta ɗaga kai ta ƙare wa falon kallo. Fa'iz ɗan shekara bakwai yana dukan bango da ƙwallo. Humaira, wadda ba ta cika biyu ba, tana ƙoƙarin cusa biskit a bayan talabijin. Jariri Nuru yana barci a kan kujera cikin tawul. Matar ta tambaya wa ke taimaka wa mai jego da wannan runduna. Karimatu ta buɗe baki, amma mijinta ya riga ta.

"Her aunt," in ji Uwaisu, da murmushinsa na masu ilimi. "Aunty Talatu. She comes every morning."

Ungozoma ta ce to hankalinta ya kwanta. Ta gargaɗi Karimatu kada ta ɗaga abin da ya fi jaririn nauyi, in ta ga ruwa a ɗinkin ko ta ji zazzaɓi ta kira nan take, sannan ta saɓa jakarta ta fita.

"Abban Fa'iz, wace ce kuma Anti Talatu?" Karimatu ta tambaya da aka rufe ƙofa.

"Ke har yanzu ba ki san mutanen nan ba. Da kin ce ba ki da kowa, gobe hukumar council ce za ta ƙwanƙwasa mana ƙofa. Kin manta mutumin nan na Woolwich da aka kwashe wa yara? Mu baƙi ne, Karima, kuma a kan visa ɗina na karatu kike zaune. Asirin gidanmu ya tsaya a gidanmu."

Babu wanda ya san sunan mutumin nan na Woolwich, babu wanda ya taɓa ganinsa a masallaci, amma duk gidan Bahaushe a London an san labarinsa. Da shi ake rufe bakin mata. Karimatu ta dubi yaranta uku. Da a Funtuwa ne, da yanzu tana ɗakin Inna mahaifiyarta, an tafasa mata ruwan wanka da ganye, an dama kunun kanwa, ko tsinke ba za a bari ta ɗaga ba sai ta yi arba'in. An hana Inna visa, maganar ke nan.

Ana haka hutun makaranta ya zo, Uwaisu ya shigo da albishir. Ya sa Fa'iz a sansanin ƙwallo na yara a Stratford, na mako biyu. Akwai irinsa nan kusa da su, amma shi ya ji an ce a na Stratford ne masu neman yara daga academy na manyan kulob suke zuwa ranar rufewa. Tun da wani koci ya ce yaron yana da ƙafar hagu, Uwaisu ya daina ganin ɗansa a matsayin ɗan firamare. Sansanin yana da sharuɗɗa biyu. Duk yaron da bai kai takwas ba, uwarsa ko ubansa sai ya tsaya a filin har a tashi. Wanda kuma ya yi fashi ba zai buga ranar rufewa ba.

"To wa zai tsaya masa?" ta ce, ko da yake ta san amsar.

"Kin san halin da nake ciki da supervisor a jami'a. Chapter ɗin nan in ban yi submitting ba, duk zamanmu a ƙasar nan ya tashi a banza."

"Ban yi wata guda da aiki ba fa."

"Zama kawai za ki yi a benci, ki sha iska. Ya ma fi miki zaman flat. Kuma na riga na yi booking, na gaya wa yaron. Buggy mai cin yara biyu ma na yi order, yau ko gobe zai iso."

Fa'iz yana tsaye a bakin ƙofa da sababbin takalman ƙwallo a rungume, idonsa yana kanta. Ta ce Allah ya kai mu.

Ranar farko lif ya lalace, kamar yadda ya saba. Uwaisu ya fita tun da sassafe zuwa laburare a Bloomsbury. Keken jaririn da suke da shi mutum ɗaya yake ci, kuma Humaira ba ta taka nisa sai ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa. Karimatu ta yi abin da kowace 'yar Hausa za ta yi. Ta sunkuya ta ɗora yarinyar a baya, ta ɗaura zani a ƙirji, ta kawo majanyin saƙi da Inna ta aiko mata ta tallafe ta, ta ƙulle a gaba. Ƙullin majanyi wurinsa ɗaya ne tun kaka da kakanni, ƙasan cibiya. Nan ne kuma likita ya yanka.

Haka ta sauko da keken mataki bayan mataki, tana cije leɓe. Fa'iz yana can ƙasa yana tsalle. "Mummy, we're going to be late." Bas na farko direba ya ɗaga mata hannu, keke biyu sun riga sun cike wurin. Na biyu ya ɗauke su zuwa Woolwich, daga nan jirgi zuwa Stratford, daga tasha kuma tafiyar ƙafa. Da suka isa, ta ji kamar an ɗora mata dutsen guga a mara.

Filin na ciyawar roba ne, babu bishiya ko ɗaya, ranar Agusta tana dukansa yana mayar da zafi. Bencin da Uwaisu ya yi mata alkawari yana nan, sai dai ba ta daɗe a kansa ba. Ta sauke Humaira, ta lulluɓe Nuru da hijabi tana ba shi nono, ta ɗaga kai ke nan sai ta hango yarinyar a tsakiyar fili tana bin ƙwallo, yara maza suna zuwa a guje. Koci ya busa usur. Ya ɗauko Humaira ya kawo ta, ya ce cikin ladabin nan nasu mai sanyi, in ta sake shiga fili dole ya sallami Fa'iz, doka ce ba shi ba. Iyaye suka juyo suna kallo. Daga wannan lokaci Humaira ba ta sake sauka daga bayan uwarta ba sai in za a canza mata kunzugu. Mai goyo kuma ba ta zama, in ta zauna goyo ya yi kuka. Karimatu ta wuni a tsaye tana jijjiga, hannu ɗaya yana tura keke gaba da baya.

A nan ta haɗu da Mariatu, wata 'yar Kumasi mai jiki, wadda take kawo jikanta Abdul-Salam. Mariatu tana sayar da atamfa da man shafawa a kasuwar Stratford, ta bar wa 'yarta rumfa saboda sansanin. Hausarta ta zango ce, mace da namiji duk kai ne a bakinta. Ta leƙa keken ta ga jaririn, ta kama haɓa.

"Wannan ai jiya aka haife shi. Ƙanwana, mijinka yana ina?"

"Yana makaranta, Yaya. Antina ce ke taimaka mini, yau ta je asibiti."

Karimatu ta ji ƙaryar ta fito sumul daga bakinta, har ta ba kanta mamaki. Ashe Anti Talatu ta koyi zuwa asibiti ma.

Kwanaki suka yi ta tafiya a haka, lif wata rana ya yi aiki wata rana ya ƙi. Kafin makon farko ya ƙare, jan da ungozoma ta gani ya bazu ya yi tauri. Sai ruwa ya fara tsattsafowa. Ta riƙa naɗe audugar mata tana sawa a ƙarƙashin ƙullin majanyi, tana canzawa a banɗakin fili da goyo a baya, ƙofa a buɗe don ta riƙa ganin keke. Ranar Asabar ta ce za ta kwanta, sai ga shi Uwaisu yana da taron ƙungiyar 'yan arewa, shi ne sakatare, ba a fara taro babu shi. Ranar Lahadi ya ce kansa yana ciwo saboda karatu, a rage masa hayaniyar yara. Buggy mai cin yara biyu kuwa, an ce ana ta delay.

Da Litinin ta zagayo ta tare shi yana ɗaura igiyar takalmi. Jikinta yana karkarwa, ta ɗaga riga.

"Abban Fa'iz, duba ka gani."

Ya kawar da kai. Shi mutum ne da ba ya son ganin jini, kowa ya san wannan. "Ai haka ciwo yake in zai warke. Ki sha paracetamol."

"Wari yake yi."

"Zafi ne ake yi, kowa ma wari yake. Ki dubi matan Turawa, yau su haihu jibi ka gan su a shopping. Hajiyata da ta haife ni, kwana nawa ta yi ta koma daka? Ku matan yanzu kun fiye son jiki." Ya miƙe ya saɓa jaka, sai kuma ya sassauta murya, domin shi ba mugu ba ne a wurin kansa. "Ki daure zuwa Juma'a. Don Fa'iz muke yi. Bayan Juma'a ni da kaina zan kai ki GP likita ya duba ki."

A cikin jirgi Inna ta kira ta bidiyo. Karimatu ta gyara hijabi, ta riƙe wayar sama yadda ba za a ga goyo ba.

"Ina kuma za ki da ɗanyen jego, Karimatu?"

"Asibiti za mu awo, Inna."

"Na ga idonki ya faɗa. Kina wankan kuwa? Kina samun kunun?"

"Ina yi, Inna. Akwai wata baiwar Allah da take zuwa kullum, Talatu sunanta. Ita take mini komai."

Inna ta ɗaga hannu sama ta yi ta sa wa Talatu albarka, ta roƙa mata aljanna, ta ce in an samu mai zuwa za ta aiko mata da turaren wuta da daddawa. Karimatu ta ce network yana yankewa, ta kashe. Ta juya fuska ga taga, hawaye suka zubo. Ba ciwon ne ya sa ta kuka ba, albarkar uwarta ce da ta tafi ga wadda babu ita.

Ranar Laraba ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta, ta jingina da ragar waya da ta kewaye filin. Rana tana ƙuna, ita kuwa haƙoranta suna haɗuwa don sanyi. Mariatu ta taso ta taɓa goshinta, ta janye hannu da sauri. Sannan ta kalli gaban zanin, inda wani tabo mai ruwan ƙasa ya fito ta ƙarƙashin ƙulli.

"Ƙanwana, wannan ba gajiya ba ne. Operation suka yi maka?"

Karimatu ta gyaɗa kai.

"Kuma kana ɗaure goyo a kai? Sauke yaro ka ba ni. Yanzu yanzu ka tafi asibiti, wurin gaggawa, A and E. Ni zan riƙe biyu, ka tafi da ƙarami. In an tashi na kai su gidana, na ba su abinci. Wannan anti naka, kullum yana asibiti, kullum yana kasuwa. Ni ban yarda akwai shi ba."

Karon farko cikin kwanaki aka sauke mata nauyi daga baya da rana tsaka. Humaira ta lafe a ƙirjin Mariatu kamar ta san ta. Karimatu ta ji wani sauƙi da ya kusa sa ta faɗi. Ta ciro waya ta kira mijinta, domin ba a koya mata zuwa ko'ina ba tare da ta faɗa ba. Ya ɗauka da raɗa, ta ji takunsa yana fita daga laburare. Ta gaya masa abin da Mariatu ta ce.

"A and E? Ke kaɗai da jariri, kina wari, kin bar yara biyu hannun matar da kika tsinta a filin ƙwallo? Kin san tambayar farko da za su yi miki? Ina auntie. Ta biyu, me ya kai mai jego Stratford. Kafin magariba an kira social worker, masu kwashe yara. Karima, ki yi tunani da kyau. Ke za ki iya kwana a flat ɗin nan babu Humaira?"

"Abban Fa'iz, ina jin kamar zan mutu."

"Ba za ki mutu ba, in sha Allahu. Saura jibi. Kuma wace ce wannan matar da kike buɗe wa cikinki? Ba na ce miki asirinmu ya tsaya a gida ba? Karɓi 'yarki."

Ta kashe wayar. Ta dubi filin, Fa'iz ya yanke wani yaro ya juyo yana neman idonta, yana washe baki da giɓinsa. Ta ɗaga masa hannu. Sannan ta juya wa Mariatu baya ta sunkuya.

"Ɗora mini ita, Yaya. Ya ce zai kai ni da kansa."

Mariatu ta ɗora yarinyar, amma ta ƙi taya ta ƙulla majanyin. Ta koma benci ta zauna tana girgiza ƙafa, tana magana ita kaɗai.

Ranar Juma'a, ranar rufewa, Uwaisu ya ce su yi gaba, zai leƙa Bloomsbury ya same su a can. Ya kuwa zo, cikin farar shadda da hula, da katon ɗin ruwan sanyi don koci. Ya gaisa da iyaye maza, ya gaya wa kowa cewa mai lamba bakwai ɗin nan nasa ne, shi yake koya masa a gida. Ya leƙa keke ya yi wa Nuru wasa da yatsa, ya ce wa matarsa, "Kin gani ko, har kin ji sauƙi," ya wuce bakin layi ya ɗaga waya yana ɗaukar bidiyo. Mutum biyu masu riguna iri ɗaya suna tsaye can gefe, an ce su ne na academy.

Karimatu ba ta ganin filin sosai. Yaran sun zama launuka masu yawo, ihun iyaye yana zuwa mata kamar daga cikin rijiya. Ta ji wani abu ya saki a ƙarƙashin ƙullin, ɗumi ya gangaro mata cinya. Abin da ya zo mata a rai shi ne kada ta faɗi ta baya ta danne Humaira. Ta kama ragar waya da hannu biyu, ta durƙusa a hankali, ta kifa goshi a ƙasa kamar mai sujada. A haka Mariatu ta same ta, yarinyar tana zaune daram a bayanta tana cin biskit.

Masu motar asibiti sun kasa kwance majanyin, ya jiƙe ya manne da ciwon. Da almakashi suka yanka shi biyu. Kafin a rufe ƙofar motar ta ji muryar Uwaisu yana yi musu bayani da Turancinsa mai kyau, cewa antinta ce ta yi tafiyar gaggawa Manchester a makon nan, shi kuma wallahi ba ta gaya masa abin ya kai haka ba.

Aka sake shiga da ita ɗakin aiki. Da ta farfaɗo likita ya ce ciwon ya ruɓe har ciki, ya fara shiga jini, da an ƙara kwana ɗaya da wani labarin ake yi. Sun yanke abin da ya mutu, kuma ba zai ɗinku ba, sai dai a bar shi a buɗe ana wankewa ana cusa auduga har ya cike da kansa, wata da watanni. Nuru yana gefenta a ɗan gadon roba. Fa'iz da Humaira kuwa Uwaisu ya raba su gidajen matan ƙungiya, waɗanda suka karɓa hannu bibbiyu suna cewa don me ba a faɗa musu tun da wuri ba. Ya ce ai halin Karima ke nan, zurfin ciki.

Mariatu ta zo dubiya da kwanon shinkafa da wake. Ta ja kujera ta matso da bakinta kusa da kunnen Karimatu.

"Za su turo mata ya tambaye ka. Ka faɗi gaskiya. Ba su ɗauke yaro don uwa ba shi da lafiya, taimako suke kawowa. Ni na gani da idona a gidan 'yata."

Karimatu ta kwana tana juya maganar. Ta shirya abin da za ta ce, kalma bayan kalma, da ɗan Turancinta.

Kashegari matar ta zo, wata baƙar fata mai tabarau da murya mai taushi, ta ce aikinta shi ne ta tabbatar akwai mai kula da uwa da yara in an koma gida. Uwaisu yana zaune a bakin gado, ya riƙe hannun matarsa, abin da bai taɓa yi a gaban mutane ba. Matar ta roƙe shi ya ɗan ba su wuri. Ya miƙe da fara'a, ya gyara wa Karimatu filo, ya sunkuyo ya yi magana da Hausa, fuskarsa cike da murmushi kamar mai lallashi.

"Yaranki suna hannunki, Karima. Kalma ɗaya, ki koma Funtuwa ke kaɗai, su kuma su tashi a gidan da ba a salla. Zaɓi naki ne."

Ya sumbaci goshinta ya fita. Matar ta ce kai, mijin nan naki yana ji da ke. Sannan ta tambaya, a hankali, ko ya san halin da take ciki, kuma ko da gaske akwai antin nan. Ta ce kada ta ji tsoro, duk abin da ta faɗa don a taimaka mata ne.

Karimatu ta dubi matar, ta ga alamar gaskiya a fuskarta. Ta tuna maganar Mariatu. Sai kuma ta ga Humaira a wani ɗaki da ba ta sani ba, tana ɗaga hannu a goya ta, babu wanda ya gane abin da take nufi. Kalmomin da ta kwana tana shiryawa suka watse.

"He didn't know," ta ce. "I hide it. My aunty is coming back Sunday."

Matar ta sake tambaya ta wata hanya, ta samu amsa iri ɗaya. Daga ƙarshe ta ce to madalla. Tunda akwai mai zama da yara, ba sai an turo nas gida ba, Karimatu za ta riƙa zuwa GP da kanta ana wanke ciwon. Anti Talatu ta sake yin aikinta.

A masallaci aka yi wa Uwaisu jaje, aka yaba haƙurinsa. Ga karatu, ga ƙungiya, ga mata a asibiti, ga yara uku, amma bawan Allahn nan ko a fuska. Wani dattijo ya ce matsalar matanmu ke nan a ƙasar nan, sai su ɓoye ciwo su jefa miji cikin masifa da hukuma. Supervisor ya ƙara masa lokaci saboda halin da iyalinsa ke ciki. Bidiyon Fa'iz ya zaga wayoyin dangi har Kano, ana ta sa albarka, babu wanda ya lura da wata mai hijabi can gefen hoton tana riƙe da ragar waya. Mutanen academy ba su kira ba. Uwaisu ya ce hayaniyar motar asibiti ce ta raba musu hankali, amma ba komai, akwai wani sansanin a hutun Oktoba.

Ranar da aka sallame ta ya ɗauko ta a tasi, ya biya ya kwaso yaran. Lif yana aiki, aka gode wa Allah. Ya ajiye ledar magunguna a kan tebur, kusa da wata leda da asibiti suka ba ta, wadda majanyin Inna ke ciki, gida biyu, ya bushe ya yi tauri. Kwanukan da ya ci abinci tun ranar da ta tafi suna jiranta a wurin wanke-wanke. Ya duba waya ya ce supervisor yana jiransa, ba zai daɗe ba, ta kwanta ta huta, kada ta ɗaga komai, likita ya hana. Ya ja ƙofa.

Nuru ya farka ya fara kuka. Humaira, wadda ta yi kwanaki ba ta ga uwarta ba, ta zo ta kama zaninta, ta zagaya bayanta tana bubbuga mata cinya, tana ɗaga hannu. Karimatu ta ce mata a'a, ta ce Mama ba lafiya. Yarinyar ta ƙara ƙarfin kuka, ta fara buga kai a ƙasa. A hawan da ke ƙasansu akwai wani maƙwabci da yake buga silin da sanda in yara sun yi hayaniya, kuma ya taɓa cewa zai kira council.

Fa'iz yana tsaye a tsakiyar falo da ƙwallo a hammata, yana kallon ƙofa.

"Mummy, Daddy said if anyone asks, Aunty Talatu looks after us. When is she coming?"

Karimatu ta zare gyalenta daga kafaɗa, ta murɗe shi ya yi tsawo kamar majanyi. Ta dafa bango da hannu ɗaya.

"Tana hanya," ta ce, sannan ta juya wa Humaira baya ta sunkuya.